Zauren Piyano a Jirgin Ruwa: Wurin da Fasinja Ke Zama Ɗan Amshi

A watan Janairun 2024 ne jirgin ruwan nan mai suna Icon of the Seas ya fara ɗiban fasinjoji daga tashar Mayami ta ƙasar Amurka, kuma a lokacin babu jirgin yawon shaƙatawa da ya kai shi girma a duniya. Tsawonsa mita 365 ne, yana ɗaukar fasinja 7,600 idan ya cika maƙil, ban da ma'aikata 2,350 da ke yi musu hidima. Kamfanin Royal Caribbean, mai jirgin, bai bar wani abin ɗaukar ido da bai zuba a ciki ba: filin wasa a kan ƙanƙara, tafkunan ninƙaya, dogayen bututun sulu na ruwa, da babban zauren wasan kwaikwayo. Duk da wannan ƙasaita, sai da kamfanin ya ware ɗaki guda ya ajiye piyano biyu suna fuskantar juna, ya ɗauki makaɗa su riƙa kaɗa abin da jama'a suka roƙa. Sauran manyan kamfanonin ma haka suke. Carnival na da Piano Bar 88, Holland America na da Billboard Onboard, Princess na da Crooners, ita kanta Royal Caribbean ta daɗe da Schooner Bar a jiragenta. Masu suka na cewa wannan tsohon yayi ne, kuma dabarar sayar da barasa ce kawai aka lulluɓe da kiɗa. Ni kuwa ra'ayina shi ne, a cikin duk wuraren nishaɗin da ke irin waɗannan jirage, zauren piyano na sahun gaba wajen cancantar filin da aka ba shi, domin a nan ne fasinja ke tashi daga ɗan kallo ya zama da shi ake yi. Sai dai cancantar tana da sharuɗɗa, kuma ba duka kamfanonin ke cikawa ba.

Ga wanda bai san yadda wurin yake ba, ɗaki ne madaidaici mai rage hasken fitila, kujerunsa kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan mutanen jirgin. A tsakiya ko a kusurwa akwai babban piyano da aka ɗaure ƙafafunsa da daɓe don kada tangaɗin teku ya gusar da shi. A wasu jiragen an kewaye shi da kanta mai lanƙwasa da dogayen kujeru, har mutum ya zauna yana kallon yatsun makaɗin. A kan kantar akwai ƙananan takardu da alƙalami. Mai son waƙa ya rubuta sunanta, ya naɗe takardar da 'yan daloli idan ya ga dama, ya miƙa. Makaɗin ya duba, ya gyara makirufo, ya taɓa maɓallai, kafin ya kai baiti na biyu mutanen teburin baya sun karɓe. Ana farawa bayan cin abincin dare a kai tsakar dare ko a ɗan gota. Ba a yankar tikiti, ba a kama wuri tun da rana, kuma ba a tilasta wa kowa zama har a tashi. Dattijuwar da ta zo bikin cika shekara 50 da aure za ta roƙi waƙar da aka kaɗa ranar aurenta, saurayin da ke gefenta bai taɓa jin waƙar ba amma zai tafa mata, an jima shi ma ya roƙi tasa ta tafa masa. Wannan 'yar musaya, wadda babu mai iya rubuta ta a jadawalin jirgi, ita ce ainihin abin da ɗakin ke bayarwa.

Kafin a gane darajar wannan sai an duba matsalar da jirgin shaƙatawa ya zo da ita tun asali. A da jirgin ruwa abin hawa ne, mutum ya shiga a Ingila ya sauka a Amurka ya kama gabansa. Da jiragen sama masu injin jet suka fara ƙetare Tekun Atlantika da fasinjoji a 1958, tafiyar kwanaki ta koma ta sa'o'i, kasuwar manyan jiragen ruwa ta durƙushe. Waɗanda suka tsira sun tsira ne da mayar da jirgin kansa wurin zuwa, kuma a kan wannan tunani Ted Arison ya kafa Carnival a 1972 da tsohon jirgi guda ɗaya. Harkar ta bunƙasa har ƙungiyar kamfanonin jiragen, CLIA, ta ƙirga fasinja miliyan 31.7 a 2023 da miliyan 34.6 a 2024. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne dubban mutanen da ba su san juna ba an tara su wuri guda na mako guda a tsakiyar ruwa. Mafi yawan nishaɗin da aka tanadar musu kuwa na zama a yi kallo ne. A babban zaure kowa ya fuskanci dandamali cikin duhu, a gidan caca kowa ya fuskanci na'urarsa, a bakin tafki kowa ya kishingiɗa da wayarsa, musamman tun da intanet mai sauri ta tauraron ɗan adam ta isa jiragen, bayan Royal Caribbean ta sanar da ƙulla yarjejeniya da Starlink a 2022. Ga kuma masu tafiya su kaɗai, waɗanda yawansu ya sa kamfanin Norwegian ya gina musu ɗakunan mutum ɗaya a jirginsa Epic tun 2010. Mutum na iya kwana bakwai cikin taron dubu biyar bai yi doguwar magana da kowa ba sai mai kawo masa abinci.

Wannan kaɗaici a cikin taro ba ƙaramin abu ba ne a ƙasashen da mafi yawan fasinjojin ke fitowa. A watan Mayun 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi na musamman yana bayyana kaɗaici a matsayin annobar da ke cin lafiyar jama'a, kuma a ƙarshen shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti a kan zumuncin al'umma. A ɗaya ɓangaren akwai hujjar bincike a kan abin da rera waƙa tare ke yi wa baƙin juna. A 2015 masana daga Jami'ar Oxford, Eiluned Pearce da Jacques Launay da Robin Dunbar, sun bi sawun manyan mutane da suka shiga azuzuwan koyon abubuwa daban-daban na tsawon wata bakwai, wasu na waƙa, wasu na aikin hannu, wasu na rubutu. A ƙarshen watannin duk rukunonin sun shaƙu da juna, amma 'yan ajin waƙa sun riga kowa, tun a watan farko suka ji sun zama 'yan gida ɗaya. Wannan sauri shi ne muhimmin abu ga jirgin ruwa. Wanda ke da shekara guda a unguwa zai iya jira sabo ya zo a hankali, amma fasinjan da ke da dare bakwai ba shi da wannan lokaci. Idan har akwai abin da ke karya baƙunta cikin dare guda, kuma binciken ya nuna waƙar taro na cikin irinsu, to ɗakin da ake yin ta yana biyan buƙatar da sauran ɗakunan jirgin ba sa biya, komai tsadar kayan da aka zuba musu.

Kada kuma a ɗauka aikin makaɗin abu ne mai sauƙi. Piyano na da maɓallai 88, kuma tun da Bartolomeo Cristofori ya ƙera na farko a Italiya wajen shekarar 1700, fifikonsa shi ne mutum ɗaya zai iya fitar da karin waƙa da rakiyarta da bugunta a lokaci guda, a sassauta ko a tsananta yadda ya so. Amma iya kaɗawa rabin aikin ne. Dole makaɗin ya riƙe ɗaruruwan waƙoƙi a ka, ya sauke murya ko ya ɗaga ta daidai da maƙogwaron jama'a, ya lura da wanda ke jin kunya ya jawo shi a hankali, ya lura da wanda ya fara wuce gona da iri ya kwantar da shi ba tare da ya kunyata shi ba, ya san lokacin da ɗaki ke son tashi da lokacin da yake son lafawa. Bahaushe ba baƙon wannan fasaha ba ne. Ya san mawaƙin da ke karanta fuskar taro kafin ya ɗauko baiti, ya ambaci wanda ya shigo, ya karɓi liƙi, 'yan amshi na riƙe masa gindin waƙa. Bambancin kawai shi ne a zauren piyano ba a zuwa da 'yan amshi daga gida, masu sauraron ne ke zama su. Sana'a ce mai tushe a Amurka. Gidan Pat O'Brien's na birnin New Orleans ya yi suna da piyano biyu masu gasa da juna tun shekaru da dama, kuma mawaƙi Billy Joel ya yi wannan aiki a wata mashaya a Los Angeles kafin ya fitar da Piano Man a 1973, waƙar da ta samo asali daga mutanen da ya riƙa gani a wurin. Na'urar sa waƙa ba za ta iya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin ba ta da ido.

Suka mafi nauyi ita ce ta barasa, kuma bai kamata a kauce mata ba. Gaskiya ne waɗannan ɗakuna mashaya ne, kuma kamfanonin ba don Allah suka ajiye makaɗi ba. Ruwa ba ya tsami banza. A 2023 kamfanin Carnival ya samu kuɗin shiga dala biliyan 21.6, kuma kimanin biliyan 7.5 daga ciki, wato wajen kashi ɗaya cikin uku, ba daga kuɗin tikiti suka fito ba, daga abin da fasinja ke kashewa ne bayan ya shiga da makamantansa: abin sha, caca, shaguna, intanet, da yawon gani a tashoshi. A kan kowane kofi kuma ana ɗora ladan hidima na kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. Mutumin da waƙa ta riƙe shi awa uku a kujera zai fi wanda ya tafi ya kwanta sayen abin sha, kuma masu lissafin kamfani sun san haka sarai. Ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a watan Janairun 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya. Maye a jirgin ruwa kuwa ya fi na tudu haɗari, saboda matakala da baranda da teku a ƙasa. Ga mafi yawan masu karanta wannan rubutu akwai abin da ya fi lafiya ma, wato hukuncin addini, wanda ya haramta barasa kuma ya hana zama inda ake shan ta. Duk wanda ya ce ba zai taka ƙofar irin wannan ɗaki ba saboda wannan dalili yana kan hujjarsa, haka nan wanda ya bi fahimtar malaman da ke ƙin kayan kiɗa gaba ɗaya. Ba na neman in canza wa kowa matsayinsa a kan wannan.

Abin da nake cewa shi ne sukar ta faɗa kan kwalba ne, ba ta taɓa piyano ba, kuma ana iya raba su. Barasa na ko'ina a waɗannan jirage, a bakin tafki, a gidan abinci, a gidan caca, har a ɗakin kwana. Rufe zauren piyano ba zai rage ta da kofi ɗaya ba, sai dai ya mayar da mai shan ta inda babu abin da zai ɗauke masa hankali daga shan. A cikin duk wuraren da ake sayar da ita, wannan ne wurin da abin da ya tara mutane ba ita ba ce, kuma mai riƙe da kofin lemo ko shayi yana samun rabonsa cikakke kamar kowa, tun da muryarsa ake buƙata ba abin da ke hannunsa ba. A kwatanta da gidan caca, inda babu abin da mutum zai samu sai ya zuba kuɗi, kuma an tsara lissafin ne yadda gidan zai ci riba a kan kowa idan tafiya ta yi nisa. Akwai kuma shaidar cewa jirgin shaƙatawa na iya tafiya babu barasa ko kaɗan. A watan Disamban 2024 kamfanin Aroya na Saudiyya ya fara jigila daga Jidda a Tekun Maliya da babban jirgi wanda ba a sayar da barasa a cikinsa kuma babu gidan caca, amma bai rasa wuraren nishaɗi da na zaman hira ba. Idan jirgi guda zai iya haka, to ɗaki guda a cikin kowane jirgi ma zai iya, ko da na wasu sa'o'i ne. Abin da ya kamata a matsa wa kamfanoni a kai shi ne su buɗe zaman farkon dare na iyali da shayi da gahawa, su kuma hana ma'aikata takura wa wanda ya zauna bai sayi komai ba.

Suka ta biyu ta masu lissafi ce. A jirgi kowane taku na fili kuɗi ne, in ji su, don haka me zai sa a ba mutum hamsin ko ɗari ɗaki alhali babban zaure na ɗaukar fiye da dubu? Amsar farko ita ce a auna abin da kowanne ke ci. Wasan babban zaure na buƙatar 'yan rawa da mawaƙa da masu fitila da masu sauti da ɗinkin kaya da kuɗin izinin wasan, kuma duk waɗannan mutane sai an ba su gado da abinci a jirgin. Zauren piyano na buƙatar mutum ɗaya ko biyu da kayan kiɗa guda. Amsa ta biyu ita ce juriya. Idan teku ta yi fushi akan soke wasan tsalle cikin ruwa da na masu lilo a sama saboda tsaron rayukansu, amma makaɗin da ke zaune a kujera zai ci gaba, kuma a irin wannan dare ne fasinja ya fi buƙatar abin da zai kwantar masa da hankali. Amsa ta uku ita ce wasan zaure sau ɗaya ake kallonsa, wanda ya gani ranar Litinin ba zai koma ranar Laraba ba, alhali zauren piyano sabo ne kullum tun da jama'ar da ke cikinsa ce ke tsara shi. Masu jirage sun daɗe da sanin haka. Lokacin da William Francis Gibbs ya tsara jirgin United States, wanda ya fara aiki a 1952, tsoron gobara ya sa ya kori katako daga kusan ko'ina a jirgin, har ya nemi a yi masa piyano na alminiyam. An ruwaito cewa sai da kamfanin Steinway ya zuba fetur a kan piyanon katako ya kunna wuta, fetur ya ƙone katakon bai kama ba, sannan ya yarda. Mutumin da ya ƙi katako haka bai taɓa tunanin jirginsa ya tashi babu piyano ba.

Suka ta uku ta fi ta biyu gaskiya: waƙoƙin ba su da faɗi. Kusan duk abin da ake kaɗawa na Turancin Amurka da Ingila ne, mafi yawa na shekarun 1960 zuwa 1990, kuma 'yan waƙoƙi ƙalilan ne ake maimaitawa dare bayan dare. Fasinjan da ya fito daga Masar ko Indiya ko Najeriya ko Barazil zai iya zama awa guda bai ji abin da zai amsa ba, sai ɗakin da aka ce yana haɗa mutane ya zama ya ware shi. Wannan aibi ne na gaske, amma daga inda kasuwar ta faro ya taso, tun da Amurkawa ne suka fi kowa yawa a cikin fasinjoji kuma tekun Karibiyan ce babbar matattara. Maimaicin kansa yana da dalili, domin ba a amsa waƙar da ba a sani ba, don haka dole a nemi wadda ta game kowa. Maganin yana cikin tsarin ɗakin tun farko, wato takardar roƙo. Jadawalin babban zaure a hedikwatar kamfani ake yanke shi tun kafin tafiya, amma na zauren piyano a hannun wanda ya shigo yake. Idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza: jirgin da ke tashi daga Jidda ko Dubai ko Durban ya kamata ya ɗauki makaɗin da ya san waƙoƙin mutanen da za su hau, kuma makaɗi ƙwararre na iya koyon waƙa da rana ya kaɗa ta da dare don mutum ɗaya da ya roƙa. Babu wani wurin nishaɗi a jirgin da zai iya yin wannan gyara da sauri haka.

Akwai kuma ƙorafe-ƙorafen da suka shafi yadda ake tafiyar da ɗakin. Na farko, komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya, idan aka yi rashin sa'ar makaɗi marar kirki ko marar fasaha to tafiyar gaba ɗaya ɗakin a mace yake. Na biyu, idan dare ya yi nisa wasu makaɗan kan koma zolaya da batsa don su tara ladan hannu, abin da ke korar masu mutunci. Na uku, ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni a 2022 cewa matsakaicin sauti a wuraren kiɗa kada ya wuce desibel 100, kuma ƙaramin ɗaki mai lasifika na iya kusantar haka, ga kuma masu barci a ɗakunan da ke sama ko ƙasa. Na huɗu, cuta. Duniya ba ta manta da jirgin Diamond Princess ba, wanda aka killace a Yokohama ta Japan a watan Fabrairun 2020, inda fiye da mutum 700 cikin 3,711 suka kamu da korona. A watan Maris na shekarar kuma, a gundumar Skagit ta jihar Washington, mutum 61 suka taru gwajin waƙa, 53 suka kwanta, biyu suka rasu, abin da ya nuna yadda rera waƙa a rufaffen ɗaki ke yaɗa cutar numfashi. Duk waɗannan gaskiya ne, amma kowannensu na da maganin da aka sani: a tantance makaɗa da kyau kafin a ɗauke su, a rubuta a ƙofa lokacin da zaman ya koma na manya kaɗai, a kayyade sauti, a inganta shigar iska, a rufe ɗakin idan cuta ta ɓulla. Matsalolin gudanarwa ne, kuma irinsu na tattare da gidan abinci da tafkin ninƙaya, waɗanda babu mai cewa a rufe su.

Sharaɗin da ya fi damuna shi ne haƙƙin shi kansa makaɗin. Tarihin mawaƙan jirgin ruwa ba mai daɗin ji ba ne. Makaɗa takwas da ke cikin Titanic ƙarƙashin jagorancin Wallace Hartley, waɗanda suka ci gaba da kiɗa jirgin na nitsewa a watan Afrilun 1912 har suka mutu duka, ba ma'aikatan kamfanin jirgin ba ne. Wani kamfanin dillancin makaɗa na Liverpool ne ya ɗauke su, a matsayin fasinjojin aji na biyu aka rubuta su, kuma bayan haɗarin dillalan sun aika wa mahaifin ɗaya daga cikinsu, John Hume, takardar neman biyan kuɗin kayan aikin da ɗansa ya sa. Abubuwa sun gyaru. Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta ɗauki duk mai aiki a jirgi a matsayin ma'aikacin teku, ta kuma wajabta hutun aƙalla sa'a 10 cikin kowace 24 da sa'a 77 a mako. Amma dokar ba ta san gajiyar maƙogwaro ba. Mutumin da ke rera waƙa sa'o'i da dama kusan kowane dare na tsawon watanni, nesa da iyalinsa, yana iya lalata muryar da ita ce jarinsa. Idan kuma aka bar kaso mai yawa na abin da yake samu ya dogara da ladan hannu, an tura shi ne ga faranta wa mai kuɗi da mai maye, a bar sauran jama'a. Kamfanin da ke cin ribar ɗakin ya wajaba ya biya albashin da zai wadatar, ya ba da daren hutu, ya ɗauki makaɗa biyu inda aikin ya fi ƙarfin ɗaya. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, kuma ɗakin da ya cinye makaɗinsa ba zai daɗe yana tara mutane ba.

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwanmu da wannan alhali mafi yawanmu ba mu taɓa ganin irin jirgin ba, ga tsadar rayuwa ta sha mana kai? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan ce maganar ta kai ta abinci da tsaro ba. Amma harkar na matsowa kusa. Kamfanin MSC ya fara tashi daga Jidda a 2021, birnin da dubban mutanenmu ke sauka kowace shekara, kuma masu hali daga cikinmu da ke zuwa Dubai da Masar da Turkiyya sun fara cin karo da tallan waɗannan tafiye-tafiye. Wanda zai kashe kuɗinsa ya kamata ya san abin da ke ciki, abin da zai nema da abin da zai guje wa. Bayan haka akwai darasi ga duk mai gina wurin taruwar jama'a, ko otal ne ko wurin shaƙatawa: kamfanonin da suka fi kowa kuɗi da na'urori, waɗanda ke auna ribar kowane taku na fili, har yau sun kasa samun abin da zai maye gurbin mutum ɗaya mai fasaha da ke zaune kusa da jama'a yana sauraron abin da suke so.

Saboda haka amsata ga tambayar ko zauren piyano ya cancanci wurinsa ita ce e, ya cancanta, kuma ma'aunin a bayyane yake. A bar ƙofarsa a buɗe ba tare da kuɗin shiga ba, domin ranar da aka mayar da shi wurin masu ƙarin biya ya rasa dalilin samuwarsa. A ba marar shan barasa kujera da mutunci daidai da kowa, a kuma ware lokacin da babu barasar sam. A ɗauki makaɗan da suka san waƙoƙin fasinjojin da ke jirgin, ba na wata ƙasa kaɗai ba. A biya su albashin da zai sa su yi wa ɗaki duka aiki, ba mai miƙa babbar takarda kaɗai ba. Kamfanin da ya cika waɗannan ya ba fasinjansa abin da ya fi kayan ƙawa wahalar samu a jirgi, wato sanin mutanen da yake tafiya tare da su. Wanda ya ƙi cikawa kuwa mashaya kawai yake gudanarwa, kuma masu suka suna da gaskiya a kansa.